Kwamfuta guda, allo da yawa

Yara, in malam ya cika allon aji da rubutu, sai ya shafe wani waje kafin ya ci gaba. Da akwai allo na biyu kusa da shi, da bai shafe kome ba. Masu aiki da kwamfuta su ma suna fama da wannan matsi. Mai haɗa fim yana son ya ga hoto a nan, sauti a can. Shi ya sa ake haɗa ma kwamfuta guda allo 2, ko 3, ko fiye.

Allon kwamfuta bai san zane ba. Abin da aka aiko mashi kaɗai yake nunawa. Mai zanen yana cikin akwatin kwamfuta, sunansa katin hoto. Wani ɗan faranti ne, tsawonsa kamar taƙi guda, da ake sokawa cikin wata kafa a jikin babban farantin kwamfuta.

Ku matsa kusa da allo ku duba da kyau. Hoton ɗige-ɗige ne ƙanana. Allo irin wanda aka fi gani yau yana da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye. In kun ninka, za ku samu 2.073.600. Kowane ɗigo ana gauraya mashi launi uku: ja, da tsanwa, da shuɗi. Katin hoto shi ke lissafin launin kowane ɗigo, kuma yana sake aikin sau 60 cikin sakan guda! Kun ga ba ƙaramin aiki ba ne.

A da, yawancin katuna baki guda gare su, watau wurin soka waya guda. Mai son allo biyu, tilas ya sayi kati biyu. A shekarar 1987 kamfanin Apple na Amurka ya fito da Macintosh II, mai kafa 6 ta soka kati, ana iya haɗa mata alluna da dama. A 1998 Windows 98 ta zo, tana iya tafiyar da allo har 9. A 2009 kuma kamfanin AMD ya nuna kati guda mai ɗaukar allo 6. To, in an soka irinsa 4, allo nawa ke nan?

Ga abin da ya fi burge ni. Kwamfuta tana ɗaukar allunan duka kamar tabarma guda mai faɗi, wadda aka yanka gida-gida. Kowane kati yana zana nasa rabon. In ka tura kibiyar nan da ke yawo bisa allo, ta kai bakin allo na fari, sai ta ɓullo cikin na biyu. Amma kwamfuta ba ta ganin teburinka. Sai ka gaya mata wane allo ke dama, wane ke hagu. In ka kuskure, ka tura kibiya dama, sai ta fito ta hagu.

Akwai wahala kuma. Kowane kati yana da manhajarsa da ke koya ma kwamfuta magana da shi. Katunan kamfani daban-daban wani lokaci ba su jituwa, shi ya sa gara a haɗa iri guda. Sannan babban kati yana iya shan wuta wat 200 ko fiye, yana fitar da zafi ƙwarai. Kati biyu, zafi biyu. In akwatin raba wuta na cikin kwamfuta ƙarami ne, sai ta mutu tsakiyar aiki, abin da ba a adana ba ya ɓace. In ƙurar hunturu ta toshe fanka, katin na iya lalacewa.

Don haka, kafin a sayi kati na biyu, a leƙa bayan kwamfuta a ƙirga bakunan na fari. Katunan yau da yawa suna da baki 3 ko 4.