Naman Tsami Na Jamusawa: Girkin Da Ba Ya Son Gaggawa

A wannan wata mun leƙa madafar Jamusawa ne domin mu kawo muku labarin wani girki nasu da suke kira Sauerbraten. Kalmar ta haɗa kalmomi biyu: "sauer" watau tsami, da "Braten" watau dunƙulen nama da aka dafa shi sukutum. Naman tsami ke nan a taƙaice. Abin da ya ja hankalinmu gare shi kuwa shi ne, ba da tsoka mai tsada ake yinsa ba. Nama mai tauri ake nema, irin wanda uwargida kan yi tsaki idan maigida ya shigo da shi, a jiƙa shi kwana da kwanaki, a dafa a hankali, har ya zama abin fitarwa gaban baƙo. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, to ga inda maganar ta tabbata cikin tukunya.

Asalinsa

Jamusawa suna da labarai iri-iri game da wanda ya fara wannan girki. Wasu sukan jingina shi ga Sarki Sharlaman, wanda ya rasu a birnin Aachen a shekarar 814, wasu kuma ga malamin nan Albertus Magnus da ya rasu a Kolon a 1280. Waɗannan duk hira ce ta bakin murhu. Dalili na gaskiya bai wuce buƙata ba. Kafin Carl von Linde ya ƙera injinsa na sanyi a Munik cikin shekarun 1870, kuma tun kafin firji ya shiga gidajen talakawa, hanyoyin adana nama su ne gishiri da hayaƙi da tsami. Sai matan gida su nutsa naman cikin binigar da kayan ƙamshi, su ajiye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyi, ya jira ranar Lahadi, wadda ita ce ranar da iyali ke haɗuwa a ci nama da rana.

A yankin kogin Rayin, wajen Kolon da Dusaldof, da naman doki aka san girkin a da. Dokin da ya tsufa a jan amalanke namansa kamar igiya yake, sai da tsami da doguwar wuta. Har yanzu akwai gidajen abinci a can da ke yinsa da doki, amma yawancin mutane naman sa suke saye, kuma shi za mu yi magana a kai.

Kowane yanki da hannunsa. Mutanen Rayin suna son miyar ta haɗa tsami da zaƙi, don haka sukan zuba zabibi da wani baƙin ruwan zaƙi mai kauri da ake tatsa daga saiwar da suke yin sukari da ita. Suna kaurara miyar da wani busasshen biskit mai kayan ƙamshi, irin na Aachen da ake kira Printen. Mutanen Franken, wajen Nuremberg, su ma da irin wannan biskit nasu mai suna Lebkuchen suke kaurarawa. Mutanen Shuwabiya kuwa da wata taliyar ƙwai ta hannu, Spätzle, suke ci, alhali na Rayin sun fi son curin dankalin turawa da jan kabeji da dafaffiyar tuffa.

Maganar giya

Ba za mu ɓoye muku ba, yawancin Jamusawa sukan haɗa jar giyar inabi cikin ruwan jiƙon. Mun san da yawa daga cikin masu karatunmu ba sa kusantar ta, mu ma ba mu sa ba. Girkin bai dogara da ita ba, domin binigar ce ke yin aikin, kuma ko a Jamus akwai gidajen da binigar da ruwa kaɗai suke sawa. Wanda ke son launi ya yi duhu sai ya ƙara ruwan jan inabi marar sukari.

Abin da za a tanada

Ga iyali mai mutum 6: naman sa kilo 1 da rabi, dunƙule guda, daga cinya ko kafaɗa, binigar kwatan lita, ruwa rabin lita, ruwan jan inabi kwatan lita, in babu a cike da ruwa, albasa manya 2, karas 2, ganyen bay 3, kanumfari 4, masoro ƙwaya 10. Jamusawa suna ƙara 'ya'yan wani itace mai ƙamshi da suke kira Wacholder da ƙwayar mastad; in an samu madalla, in ba a samu ba girki ba zai ɓaci ba. Na ranar dahuwa kuma: mai, gishiri, tumatirin gwangwani cokali 1, zabibi giram 80, zuma cokali 2, da busasshen burodi yanka 2 tare da ɗan garin citta da kirfa a madadin biskit ɗinsu.

Jiƙo

A yanka albasa da karas, a haɗa da binigar da ruwa da kayan ƙamshi, a tafasa minti 5, sannan a sauke a bari ya huce sarai. Kada a kuskura a zuba shi da zafi a kan ɗanyen nama. A sa naman a kwanon gilashi ko tangaran ko langa wadda ba ta ɓantare ba, a zuba ruwan har ya rufe shi, a rufe a sa a firji. Tukunyar alminiyam ba ta wannan aiki, domin tsami yana cin ta, ya bar ɗanɗanon ƙarfe a nama. Kullum a juya naman sau ɗaya. Mafi ƙaranci kwana 3. Masu son tsami sosai sukan kai mako guda, wasu har kwana 10.

A nan ne mu muka faɗi a gwajinmu na farko. Mun ga kamar kwana 3 ɓata lokaci ne, sai muka tsame naman bayan kwana ɗaya, muka hura masa wuta yana ta ɓararraka domin baƙi sun kusa isowa. Da aka zo yanka, bayansa tsami, cikinsa salam, ga tauri kamar ƙirgi. Kilo da rabi na nama ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma ranar da shinkafa da mai muka sallami baƙinmu. Daga baya muka gane dalili. Tsami a hankali yake ratsa tsoka, daga baya zuwa ciki, shi ya sa yake buƙatar kwanaki. Laushin kuma ba daga jiƙo kaɗai yake zuwa ba: jijiyoyin da ke ɗaure da tsoka sai sun daɗe a kan wuta marar ƙarfi suke narkewa su zama romo mai danƙo. Wuta mai ƙarfi matse naman take yi ta fitar da ruwansa.

Gargaɗi ɗaya da ba wasa a cikinsa: ɗakin ƙarƙashin ƙasa na Bajamushe ba irin ɗakunanmu ba ne. A zafin ƙasashenmu, ko da hunturu ne, binigar da aka surka da ruwa ba za ta tsare ɗanyen nama a waje ba. Dole firji ya kasance bai wuce digiri 4 ba. Firjin da aka ɗauke wa wuta yana riƙe sanyinsa kimanin awa 4 ne idan ba a buɗe shi ba. In kun ga wutar ba ta da niyyar dawowa, ku tsame naman ku dafa nan take. Wanda wutar unguwarsu ba ta da tabbas ya raba naman gida uku, ya jiƙa kwana 2. Ƙananan yanka sun fi saurin shan tsami.

Ranar dahuwa

A tsame naman a goge shi da tsabtataccen ƙyalle har ya bushe, domin jiƙaƙƙen nama ba ya soyuwa. A tace ruwan jiƙon, a ajiye albasa da karas gefe. A shafa wa naman gishiri, a soya shi a tukunya mai kauri, ana juyawa har kowane gefe ya yi ja sosai, sannan a kwashe. A soya albasa da karas ɗin a man, a sa tumatir, a zuba rabin ruwan jiƙo da ruwa kofi guda, a mayar da nama. A rufe, a rage wuta ta yadda ruwan zai riƙa motsi kaɗan-kaɗan, awa 2 da rabi zuwa 3, ana juya naman duk rabin awa. Mai amfani da gawayi ya rage garwashi. Mai tanda ya sa digiri 160. Idan cokali mai yatsu ya shiga ya fita ba gardama, nama ya nuna.

A fitar da shi a rufe ya huta minti 15. A tace romon, a marmasa burodin a ciki da citta da kirfa, a zuba zabibi da zuma, a dafa minti 10 har ya yi kauri. Yanzu sai harshe ya yi alƙalanci: in tsami ya yi yawa a ƙara zuma, in zaƙi ya rinjaya a ɗiga sauran ruwan jiƙo a sake tafasawa sosai. A yanka naman fale-fale a gicciyen tsoka, a kwarara miya a kai. Mu da dafaffen dankalin turawa muka ci a gwaji na biyu, bayan jiƙon kwana 5, kuma abin da ya kwana ya fi na ranar daɗi.

Saboda haka wanda ke son cin naman tsami ranar Lahadi, to ranar Talata zai je wurin mahauci, kuma kada ya bari a tsinka masa naman gutsu-gutsu. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba. A ci lafiya.