Yadda ɗan ƙyalle ke gyara saitin tsohuwar bindigar da ta yi suna wajen kuskure

A shekarar 1814 wani jami'in sojan Birtaniya mai suna George Hanger ya rubuta cewa bindigar sojan zamaninsa za ta iya samun mutum daga yadi 80, wataƙila har 100, amma wanda ta samu daga yadi 150 sai dai a ce rashin sa'a ne ya hau kansa.

Wannan shaidar ta bi bindigar har yau. Sai dai masu gasar harbi da tsofaffin bindigogi a Turai da Amurka sun nuna cewa yawancin laifin ba na bindigar ba ne, na yadda ake ɗura ta ne.

Bindigar da ake magana a kai ita ce wadda ake ɗurawa ta baki. Idan aka ja kunama, dutsen ƙanƙara ya ƙyasta ƙarfe, tartsatsi ya kunna albarushi. Cikin bututunta sumul yake, babu zanen murɗe irin na bindigogin zamani, harsashinta kuma dunƙulen dalma ne kamar ƙwallo.

Masu kallon hawan sallah sun san danginta. Bindigar toka, wadda ake wa laƙabi da harba-ka-ruga, ta samo asali ne daga irin waɗanda fataken Turai, ciki har da na Denmak da ke da sansani a Akara, suka riƙa kawowa gaɓar Afirka ta Yamma.

Me ya sa take kuskure?

Misali mafi shahara shi ne Brown Bess, wadda sojan Birtaniya suka riƙe fiye da shekara 100, daga shekarun 1720 zuwa na 1830. Faɗin bututunta kusan milimita 19 ne, harsashin da ake bai wa soja kuwa kusan milimita 17.5.

Da gangan aka bar wannan ratar. Albarushi na barin dauɗa mai yawa, kusan rabin nauyinsa na zama toka da hayaƙi, don haka bayan harbi kaɗan bututun yakan tsuke. Ana buƙatar soja ya yi harbi kamar uku a minti ɗaya, kuma ƙaramin harsashi ne kaɗai zai ci gaba da zurmawa cikin sauri. Kwamandoji sun fi damuwa da ruwan harsashi daga sahu guda a kan saitin mutum ɗaya.

Illar ita ce harsashin yakan fito yana karo da bangon bututu. Gefen da ya goga na ƙarshe shi ke sa shi juyawa, kuma kowane harbi da nasa gefen.

Masanin lissafi ɗan Ingila, Benjamin Robins, wanda ya wallafa littafinsa kan harbi a 1742, ya gwada wannan. Ya lanƙwasa bakin bindiga zuwa hagu, amma harsashin ya ƙare da karkatawa dama, saboda juyin da gogar bangon ta ba shi. Abin da ke faruwa ke nan idan ɗan wasa ya murɗa ƙwallo a bugun tazara ta kauce wa katanga. Bambancin shi ne ɗan ƙwallo ya san inda ya murɗa, mai bindiga bai sani ba.

Aikin ƙyalle

Maganin da maharba suka daɗe da sani shi ne a naɗe harsashin da ɗan ƙyallen lilin ko na auduga zalla mai saƙa a matse, wanda aka shafa wa kitse ko kitse haɗe da kakin zuma. Ana ɗora ƙyallen a bakin bindiga, a aza harsashi a tsakiya, a tura su tare da sandar ɗuri.

Ƙyallen na cike ratar, ya riƙe harsashin a tsakiya, ya rage iskar wutar da ke sulalewa ta gefe. Maiƙon kuma na tausasa dauɗar da harbin baya ya bari.

Masu harbi na yanzu kan ɗauki harsashi mafi girma fiye da na soja, misali kusan milimita 18 a bututu mai 19, da ƙyallen da kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Bayan harbi sukan tsinto ƙyallen a gaba su duba. Idan ya ƙone ko ya yage, alama ce bai dace da bututun ba. Yadin leda ba ya aiki, domin narkewa yake yi.

Komai iri ɗaya

Ƙyalle kaɗai ba ya isa. Masu gasa na auna harsasai a sikeli su ware waɗanda nauyinsu ya gaza, domin wataƙila akwai kogo a ciki da zai karkatar da su. Suna auna albarushi daidai wa daida, su goge bututu a tsakanin harbi, su tura harsashi da ƙarfi iri ɗaya.

Sai kuma shi kansa mai harbin. Bindigar ba ta da masaitar baya, don haka idonsa ne ke maye gurbinta, dole kumatunsa ya sauka wuri ɗaya kowane lokaci. Wuta kuma na tashi dab da fuskarsa kafin harsashi ya fita. Wanda ya razana ya motsa a wannan ɗan taƙin ya yi asarar harbin.

Ƙungiyar MLAIC, wadda ke shirya gasar duniya ta bindigogin da ake ɗurawa ta baki, na da rukuni mai suna Miquelet domin irin wannan bindiga. Ana harbi a tsaye daga mita 50, sau 13, a ƙirga 10 mafi kyau. Gwanaye kan tara harsasansu a cikin baƙin da'irar allo.

Iyaka da haɗari

Duk da haka ƙyalle ba ya mai da ita bindigar zamani. Tunda babu zanen da zai murɗa harsashi ta fuska ɗaya, da zarar an wuce mita 70 zuwa 100 harsasan sukan fara warwatsewa, saurin dunƙulen kuma na raguwa da wuri.

Ɗuri mai matsewa na da haɗarinsa. Idan harsashi ya maƙale bai zauna a kan albarushi ba, aka harba a haka, bututun na iya kumbura ko ya fashe a hannu. Haka nan zuba garin harsashin zamani a irin wannan bindiga na iya tarwatsa ta. Ba a kuma ɗurawa kai tsaye daga gorar albarushi, saboda ragowar garwashi a ciki na iya kunna gorar duka.

Wannan gargaɗi ya fi shafar bindigogin da aka ƙera da bututun da ba a gwada ƙarfinsa ba. A Birtaniya doka ta hana sayar da bindiga sai an gwada bututunta an buga masa hatimi, kuma gidan gwajin Bamingam na wannan aiki tun 1813, shekara guda kafin Hanger ya yi rubutunsa.