Karanta Labarai a Wuri Guda: Manhajar Kwamfuta Ko Ta Intanet?

Sau nawa muka ɗauki waya don duba labari guda, sai muka tsinci kanmu a Facebook ko TikTok? Kafin mu ankara awa guda ta wuce, data ta ƙare, labarin kuma ba mu gani ba. Akwai wata tsohuwar dabara da ke maganin wannan, ana kiranta RSS.

Kamfanin Netscape ne ya fito da ita a 1999. Wani yaro ɗan Amurka, Aaron Swartz, yana da shekara 14 kacal lokacin da ya shiga sahun waɗanda suka tsara RSS 1.0 a shekarar 2000. Wato sa'an ɗan JSS 3 ne.

Aikinta ba wuya. Shafin labarai, kamar BBC Hausa, yana fitar da jerin sabbin labaransa, manhajar karatu kuma ta kwaso ta jera mana. Mu ke zaɓar shafukan da muke so, ba wani ke cusa mana ba. To amma manhajojin iri biyu ne.

Ta farko ana ɗora ta a kan kwamfuta, kamar Thunderbird, ko Liferea ga masu Linux, ko NetNewsWire ga masu na'urorin Apple. Da zarar an samu intanet sai ta sauke labarai ta ajiye, mu karanta daga baya ko babu data. Sai dai wasu shafukan kanun labari da ɗan taƙaitawa kawai suke bayarwa, cikakken labarin sai an koma intanet. Sannan idan kwamfutar ta lalace ko aka sace ta, jerin namu ya tafi.

Ta biyu a intanet take zaune, kamar Feedly da Inoreader. Asusu da kalmar sirri kawai ake buƙata, sai mu buɗe a wayar yaya ko a kwamfutar makaranta, mu ci gaba daga inda muka tsaya. Matsalarta, a burauza sai da intanet take buɗewa, kuma akalarta tana hannun kamfani. Google Reader ta fito a 2005, ta yi farin jini sosai, amma ranar 1 ga Yuli, 2013 Google ya rufe ta, masu amfani da ita suka koma neman mafaka.

Shawararmu ita ce: mai kwamfutar kansa da ke fama da tsadar data, ya ɗauki ta farko. Wanda yake aron waya ko kwamfuta, ta biyu ta fi masa, amma ya riƙa fita daga asusunsa idan ya gama.

Kowacce muka zaɓa, mu fitar da jerin shafukanmu a fayil ɗin OPML, mu adana shi a filashi. Da shi za mu koma wata manhajar cikin 'yan mintuna. Mu fara da shafuka uku ko huɗu, domin idan jerin ya yi yawa, shi ma zai cinye mana lokacin karatu.