Ke Bahaushiya Ce, Kuma Wai Kirista?

Wannan tambaya da kuka gani a sama an yi mini ita har na daina lissafi. Ni dai haifaffiyar wani ƙauye ce a ƙasar Ikara, da Hausa na buɗe baki, da tuwon dawa da miyar kuka na tashi, kuma ranar Lahadi a majami'a za ki same ni. A ƙauyenmu wannan ba abin labari ba ne. Amma ranar da na shiga makarantar kwana ta 'yan mata, aka ga Littafi Mai Tsarki a akwatina, sai ɗaki ya yi tsit. Wata 'yar Hunkuyi, bari in kira ta Binta, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke Bahaushiya ce, kuma wai Kirista? Ko dai gwanjo Turawa suka raba wa iyayenki?"

To ni ma fa ba kanwar lasa ba ce. Tun daga ranar muka sa zare, kullum da dare sai mun yi musu har sai an kashe fitila. Abin kunyar da zan faɗa muku shi ne, ayoyin da na haddace a shekarar nan ba don in gyara halina na haddace su ba, duwatsu ne nake tarawa na jifan Binta.

Da aka yi hutu na kai ƙara wurin kakata, ina cika ina batsewa. Tsohuwa ta yi dariya ta ce, "Ke 'yar nan, kin san Gimi?" Na ce ba wadda ke ƙasar Makarfi ba? Ta ce ita fa, can iyayenta suka zauna, sai ta ɗauko mini labari tun daga tushe.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami, Malam Ibrahim. Ba Bature ne ya zo masa da wa'azi ba, a cikin karatunsa na Alƙur'ani ne zancen Annabi Isa ya kama zuciyarsa, har ya riƙa fifita shi a koyarwarsa, ya tara almajirai, aka sa musu suna Isawa. Fada ta ga wannan ya saɓa wa addini, aka nemi ya janye ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kano wajen 1867. Almajiransa suka watse, wasu suka nufi Ningi, wasu suka ɓuya a ƙauyukan ƙasar Zazzau. Sai a 1913 wasu daga zuriyarsu suka je birnin Zariya wurin Likita Mila, ɗan mishan ɗin CMS da ke zaune can tun 1905, suka ce suna son ƙarin bayani a kan Isa. Daga nan aka kafa musu mazauni a Gimi, da makaranta da wurin sujada. Ba a daɗe ba ciwon barci ya faɗa wa garin, ya yi ta ɗibar mutane, dole aka tashi. Yaran da suka tsira aka kai su makarantar mishan a Zariya, wadda ta koma Wusasa a 1929. Daga wannan zuriya Farfesa Ishaya Audu ya fito, likitan yara, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975.

Ni kuwa har na fara murna na samu sabon dutse. Sai Kaka ta katse mini hanzari. Ta ce Isawan farko ba Kiristoci ba ne, kada in yi wa matattu ƙarya, kuma ba duka ne suka karɓi baftisma ba. A gidansu ma kashi uku aka rabu: babanta ya zama Kirista, wansa ya tsaya a kan hanyar Isawa har ya mutu, ƙaninsu kuwa ya koma sallah a masallacin gari. Musu sun sha shi, wani lokaci har da gaba ta wata guda, amma ranar girbi gayya ɗaya suke yi, akushi ɗaya suke ci. Ta ce, "Su da suka binne 'ya'yansu a Gimi ba su zagi kowa ba, sai ke da ko ƙaya ba ta taɓa sukarki a kan bangaskiya ba?" Maganar nan ta yi mini zafi, na kwana biyu ina fushi da tsohuwa.

Ana nan sai ga watan Maris na 1987. Rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, kafin a ankara ya iso Zariya da Wusasa, aka ƙona majami'u da dama. Hankalin kowa ya tashi, iyaye suka fara zuwa ɗaukar 'ya'yansu, ni ba wanda ya zo. Ina zaune bakin gado ina kuka sai ga Binta, ko sallama babu, ta jefo mini gyalenta ta ce, "Yafa mu tafi. In an tambaya a hanya ki ce ke ƙanwata ce."

A motar nan abu ɗaya nake ta juyawa a raina: in aka tare mu aka ce ke Musulma ce ko Kirista, me zan ce? Na tuna da Bitrus, wanda ya fi kowa cika baki, amma da dare ya yi ya musunta Ubangijinsa har sau uku. Ni da nake ganin na fi kowa ƙarfin bangaskiya a ɗakin kwananmu, ga ni jikina yana ɓari a cikin gyalen wadda nake kira abokiyar gaba. Allah ya rufa asiri ba wanda ya tare mu. Na kwana uku a gidansu, mahaifiyarta ba ta ce mini in yi sallah ba, kuma da ta gan ni a durƙushe da asuba ina addu'a, sai ta ja ƙofa a hankali ta koma. A rana ta huɗu yayan Binta ya kai ni gida a kan babur.

Kada ku ɗauka daga nan muka daina saɓani. Ina! Har yau Binta ba ta yarda da abin da na gaskata game da Almasihu ba, ni ma ban bar shi ba, kuma takan faɗa mini a fili cewa tana roƙon Allah ya sa in musulunta kafin in mutu. Da can wannan magana sai ta jawo faɗa. Yanzu nakan ce mata na gode, ni ma tana cikin addu'ata.

Watan jiya ta zo mini yini, ita da jikarta, da ƙullin mazarƙwailar Makarfi. Da azahar ta yi ta ce, "Ke, ina gabas a gidan nan naki?" Na zuba mata ruwa a buta, na shimfiɗa mata sabuwar tabarma a ɗakina, na ɗauke jikar muka fita tsakar gida.