Ranar Farko a Kan Dusar Ƙanƙara

A Ukaimedan, wurin wasan zamiya da ke tsaunukan Atlas na ƙasar Maroko, a tsayin kimanin mita 2,600, muhimmin darasin ɗan koyo a ranar farko shi ne yadda zai tsaya. Tafiya ba ta da wuya, gangara ce ke jansa. Dogayen alluna biyun da ya ɗaura a ƙafafunsa suna baza nauyinsa don kada ya nutse. Gogayyarsu da dusar ƙanƙara kuma tana haifar da ɗan zafi, sai laima ta kwanta ƙarƙashinsu, santsi ya ƙaru.

To, ina birki? Malami kan sa shi ya kusanto da goshin allunan, ya ware bayansu kamar harafin V, ya danna gefensu na ciki. Gefen ya riƙa kankare dusar, gudu ya ragu. Sai dai tsoro kan sa ɗan koyo ya kwanta baya, wannan kuwa shi ke kayar da shi, domin goshin allunan ya rasa nauyi, sarrafa su ya gagara.

Ido ma yana cikin haɗari. Sabuwar dusa tana mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na hasken ultrabayolet, wanda ya wuni ba tabarau yakan kwana da raɗaɗin ido.