Ɓeran Masar da ya ƙi ci: hatsari daga dusa, zafi da kafso

A garin Gangara, wanda yake cikin gundumar Agye kafin a mayar da Gazawa gunduma a shekarar 2011, kiwon ƙananan dabbobi aikin yara ne, kamar yadda yake a sauran garuruwan jahar Maraɗi. Tantabaru da zomaye su ne suka fi yawa, amma akan samu gidan ɗan kasuwa ko na ma'aikaci inda yaro ya ajiye ɓeran Masar a akurki, yana kula da shi kafin ya tafi lakwal. Sunan dai yaudara ne. Dabbar ba daga Masar ta fito ba, asalinta duwatsun Andes ne na Kudancin Amurka, kuma ko da Faransawa ke kiranta aladen Indiya, babu abin da ya haɗa ta da alade.

Lokacin damina ba a cika jin kuka game da ita ba. Sai rani ya yi nisa, ciyawa ta bushe, sannan yaro ya zo da ƙara: ɓeransa ya daina ci, ya takure a lungu, gashinsa ya tashi, in an ɗauke shi sai ya yi tsuwa. Manya kan ce a bar shi, gobe zai ware. Wannan jinkirin shi ne ke kashe shi. Hanjin ɓeran Masar ba ya jure zama babu abinci. In ya yi awa 12 zuwa 24 bai ci ba, hanjin na iya tsayawa, ciki ya kumbura, kashinsa ya ƙanƙance ko ya ɗauke gaba ɗaya. Ga shi kuma dabba ce da ake farauta a dawa, saboda haka takan ɓoye ciwonta har sai ya ci ƙarfinta.

Babban sanadi a wannan yanki yana cikin kwanon abincinsa. Akuya da tunkiya da zomo jikinsu na haɗa bitamin C da kansa. Ɓeran Masar kuwa kamar ɗan Adam yake, sai ya ci shi a abinci kowace rana, wajen miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsa, mai ciki kuma har 30. Dusa da hatsi babu wannan bitamin a cikinsu, harawa kuma in ta bushe ta daɗe a rumbu, abin da ya rage a cikinta bai taka kara ya karya ba. Cikin mako 2 zuwa 3 alamu sai su bayyana: gaɓoɓi su kumbura, dasashi ya riƙa jini, dabbar ta riƙa ɗingishi, tauna ta zame mata azaba.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. A shekarar 1907 wasu likitoci biyu na ƙasar Norwe, Axel Holst da Theodor Frølich, suna binciken ciwon da ke kama matuƙan jiragen ruwa, suka ciyar da ɓerayen Masar da hatsi zalla. Dabbobin suka kamu da wannan ciwo na zubar jinin dasashi, da aka ba su ɗanyen kabeji kuma suka tsira. Abin da likitocin suka yi da gangan, shi ne yaron Gangara ke yi cikin rashin sani duk watan Maris.

Magani kuwa yana kusa. Jahar Maraɗi ta yi suna da zogale, musamman a fadamun Gulbin Maraɗi da ya ratsa Tibiri da Gidan Rumji. Ɗanyen ganyen zogale kaɗan, ko kabeji, ko yankan tattasai, ko gwaba, ya isa a yini. Albasa da ganyen tumatir da na dankalin Turawa kam a nisanta su da shi. Ciyawa kuma kada ta yanke, ko busasshiya ce, domin haƙoransa 20 ba su daina tsiro har mutuwa, ciyawa ce ke goge su. Wanda haɓarsa ta jiƙe da yawu, yana ɗaukar abinci yana saki, haƙoransa ne suka yi tsawo.

Sai zafi. Dabbar tsauni ce, ba ta gumi, kuma da zarar zafi ya kusa digiri 30 ta shiga wahala, alhali a Afirilu da Mayu yakan zarce 40 a Maraɗi. Akurkin kwano a tsakar gida tanda ne. A mayar da shi inuwa kusa da randa, a rufa masa jiƙaƙƙen buhu.

Abin da ya fi ban takaici shi ne kafso. Uba mai tausayi yakan kira mai tallar magani, ya fasa kafson da ya saba sha, ya jiƙa wa ɓeran ɗansa. Ampisilin da amoksisilin da duk dangin penisilin suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke hanjin wannan dabba, masu guba su samu fili, zawo ya biyo baya, cikin ƴan kwanaki ta mutu. Gara a kai ta ma'aikatar kiwo ta gunduma. Gaskiya ne ma'aikatan sun fi sabawa da shanu da jar akuyar Maraɗi, amma sun fi mai tire sanin abin da ya kamata a guje wa.

Kafin a isa can, a daka ɗanyar ciyawa da ruwa har ta yi laushi, a riƙa ɗura masa kaɗan kaɗan ta gefen baki da sirinji marar allura, duk bayan awa 3 ko 4. Ɗan kasuwa mai sikeli kuma yana da abin da zai ga ciwo tun kafin ido ya gan shi: babban ɓeran Masar nauyinsa giram 700 ne zuwa kilo 1 da ɗoriya, in aka auna shi kowane mako aka ga ya rage giram 50 zuwa 100, to, a duba bakinsa da kwanonsa tun ranar.