Kowace Takarda da Aikin da Aka Aike Ta: Nazarin Zance a Teburin Ma'aikaci

Ranar 29 ga Mayun 2023, a dandalin Eagle Square da ke Abuja, Shugaba Bola Tinubu ya faɗa cikin jawabinsa na karɓar mulki cewa tallafin man fetur ya tafi. Kafin rana ta faɗi layukan motoci sun fara tsawo a gidajen mai, bayan kwana biyu kuma kamfanin NNPC ya sauya farashi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a Abuja. Da a ce wani direban tasi ne ya furta wannan jimla a wurin mai shayi, da babu abin da zai motsa. Kalmomin ba su sauya ba, amma mai maganar, da wurin, da lokacin, da masu sauraro, su suka mayar da ita hukunci. Ilimin da ke bin diddigin wannan bambanci shi ake kira nazarin zance.

Masanin harshe ɗan Amurka Zellig Harris ne ya fito da sunan fannin cikin wata maƙala a 1952, lokacin da galibin masana ba sa wuce iyakar jimla ɗaya a nazarinsu. Shi ya nemi a duba yadda jimloli ke haɗuwa su zama zance. Bayan shekara goma, a 1962, aka buga laccocin masanin falsafa ɗan Ingila J. L. Austin, inda ya nuna cewa akwai maganar da furta ta shi ne aikata ta. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. In mai kaya ya ce "na sallama", ciniki ya faɗa. In waliyyi ya ce ya bayar, wakilin ango ya ce ya karɓa a gaban shaidu, aure ya ɗauru. Austin ya ƙara da cewa irin wannan furuci yana da sharuɗɗa: sai wanda ya cancanta ya faɗe shi, a inda ya dace. Wanda ba shi da iko da kaya, ko sau goma ya sallama, ciniki bai faɗa ba.

Aikin gwamnati kusan gaba ɗayansa a kan wannan ƙa'ida yake tafiya. Kalma ɗaya ta amincewa da babban sakatare zai rubuta a fayil tana iya sakin miliyoyin naira, amma in ƙaramin jami'i ya rubuta ta, takardar tuhuma za ta biyo baya. Shi ya sa wasiƙun ma'aikatu ke buɗewa da cewa an umarci mai sa hannu ya sanar da kaza. Da wannan 'yar jimla jami'in yana bayyana cewa shi ɗan aike ne, ikon da ke cikin wasiƙar na wanda ya aiko shi ne.

Mataki na biyu shi ne gane nau'in takarda. John Swales, cikin littafinsa na 1990, ya bayyana cewa abin da ke raba wani nau'in rubutu da wani shi ne manufar da yake yi wa hidima a tsakanin masu amfani da shi. Takardar sanarwa ta umarni ce, don haka dole ta faɗi wanda abin ya shafa da ranar da zai fara aiki. Takardar neman amincewa tana son hukunci, saboda haka takan kawo asalin magana, da hujja, da kuɗin da za a kashe, ta rufe da buƙata ƙarara. Rahoton taro shaida ce da za a koma gare ta ranar gardama. Sanarwar manema labarai kuwa ra'ayin jama'a take nema. Mataimakin da ya rubuta wa minista shafi shida na tarihi, ya binne buƙatarsa a sakin layi na ƙarshe, ya sha wahala a banza, domin mai karantawa yana neman abin da zai sa wa hannu ne.

Mataki na uku shi ne lura da abin da aka faɗa ba tare da an furta ba. Paul Grice ya yi bayani a 1975 cewa masu zance suna ɗaukar juna a matsayin masu haɗin kai, don haka in mutum ya faɗi ƙasa da abin da ake tsammani, mai sauraro yakan nemi dalili. Bahaushe ya daɗe da sanin habaici da shaguɓe da hannunka-mai-sanda. A ofis ma haka abin yake. In darakta ya rubuta a fayil cewa a zo a gan shi, maimakon ya amince ko ya ƙi, to akwai abin da ba ya so ya shiga takarda. In aka ce a ajiye magana ana lura da ita, gogaggen ma'aikaci ya san ba yau ba ne, ba kuma gobe ba. In wasiƙar shaida ta yabi mutum da zuwa aiki a kan lokaci, ta yi shiru game da ƙwazonsa, shirun ya isar da saƙo.

Akwai kuma tambayar da Norman Fairclough da abokan tafiyarsa suka fi dagewa a kai tun daga 1989: wa aka ambata, wa aka ɓoye? Hausa tana da kalma ƙarama mai ɗaukar wannan nauyi, wato "an". "An samu jinkirin biyan albashi" da "sashen kuɗi ya jinkirta biyan albashi" labari ɗaya suke bayarwa, sai dai na farko ya bar laifin ba shi da uba. Wani lokaci ladabi ne ke kawo wannan salo, wani lokaci kuwa tsoron ɗaukar alhaki. Mai karatu da basira yakan tsaya a kan kowace "an", ya tambayi kansa ko wane ne.

Amfanin duk wannan yana bayyana ranar da aka buɗe tsohon fayil. Mai binciken kuɗi ko kwamitin majalisa ba su halarci hirar da aka yi a farfajiya ba, abin da ke kan takarda kaɗai za su gani. Jami'in da ya ɗauki shawara a matsayin umarni, ya kashe kuɗi, shi za a kira. Wanda ya rubuta umarni da harshe mai fuska biyu ya jefa na ƙasa da shi cikin hatsari. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka buga wa hatimi.

Saboda haka, kafin ma'aikaci ya amsa takarda, ya dace ya tambayi kansa abu huɗu: wa ke magana kuma da wane iko, da wa yake yi, me yake so a aikata, me ya bari bai faɗa ba. Kafin ya sa hannu a tasa kuma, ya karanta ta da idon wanda zai ɗauko ta bayan shekara biyar, wanda bai san shi ba, ba kuma zai same shi ya nemi ƙarin bayani ba.